Yadda Ake Aika Wasiƙa Da Ƙunshi Ba Tare Da Hasarar Kuɗi Da Lokaci Ba

Mutane da yawa a karkara suna kuka da gidan waya. Wasu su ce tsada, wasu su ce jinkiri. Amma sau da yawa hasarar tana farawa ne tun daga gida, kafin saƙo ya bar hannun mai shi.

Yanzu gaisuwa da labarin gida sun koma wayar hannu. To amma waya ba ta ɗaukar tufafi, ko littattafai, ko takardar shaida ta ainihi. Irin waɗannan sai an aika. Hukumar da ke kula da gidajen waya a Nijeriya ita ce NIPOST, wadda aka kafa a 1985. Ga abubuwa biyar da ya kamata mai aike ya kiyaye.

1. Adireshi

Ma'aikacin gidan waya bai san mai saƙo ba, abin da aka rubuta kawai yake bi. Idan an rubuta "Malam, kusa da masallaci, Tudun Wada", an ba shi aiki. Akwai Tudun Wada a Kaduna, akwai a Zariya, akwai a Jihar Kano, kuma kowacce da masallatai.

Don haka a rubuta cikakken sunan mai karɓa da manyan baƙaƙe. A ƙasa a sa lambar gida da titi, ko lambar akwatin gidan waya. Sai gari, da ƙaramar hukuma, da jiha. Akwai kuma lambar shiyya mai alƙaluma 6. Ta babban gidan waya na Kano ita ce 700001, ta Kaduna 800001. Wanda bai san tasa ba ya tambayi ma'aikaci. Matambayi ba ya ɓata.

Idan ƙauye ba shi da titi, a aika ta hannun wani sananne, kamar shugaban makarantar firamare ko dagaci, bayan an nemi izininsa. A ƙara da lambar wayar mai karɓa. A bayan ambulan kuma mai aike ya rubuta nasa adireshin, don in ba a sami mai saƙo ba a san inda za a mayar.

2. Nauyi

Kuɗin aike yana bin nauyi, da nisa, da irin hidimar da aka zaɓa. Ana ɗora saƙo a kan sikeli, har da kwalin da aka zuba shi. Gram 1,000 shi ne kilo ɗaya. Wanda ya sa riga biyu a cikin akwatin katako, ya biya wa katako kuɗin mota. Kwali mai ƙarfi daidai kaya ya isa. A cusa tsohuwar jarida a gefe don kada kayan su yi ta motsi.

Kafin a aika kaya, a yi lissafi. Idan sabulu da gari ne za a kai wa ɗalibi a Zariya, kuɗin aike yana iya fin kuɗin kayan. Gara a tura masa kuɗi ta banki ya saya a can.

3. Irin aike

Aike iri uku ne aka fi sani. Na farko wasiƙar yau da kullum, wadda ake manna wa kan sarki. Ita ce mafi araha, amma in ta ɓata babu hanyar bin sawunta. Na biyu rajista. Ana ba mai aike rasit mai lamba, mai karɓa kuma sai ya sa hannu. Na uku aiken gaggawa, wato EMS. Ya fi sauri, ya kuma fi tsada.

Kowanne da wurinsa. Biyan kuɗin gaggawa a kan saƙon da ba a matsu da shi ba ɓarna ce. Aika takardar gona ko shaidar gama makaranta da kan sarki kaɗai kuwa ganganci ne, domin neman wata yana cin watanni da kuɗin mota. Idan kwafi ya wadatar, a aika kwafi, a ajiye ta ainihi a gida.

A adana rasit har saƙo ya isa. Lambar da ke kansa ita ce shaida, kuma da ita ake cigiya.

4. Abin da ba a aikawa

Kada a sa tsabar kuɗi a cikin ambulan. In sun salwanta, sun tafi ke nan. Ba a karɓar abin da ke kama wuta, kamar ashana da fetur. Ɗanyen abinci yana ruɓewa a hanya, man gyada ko manja kuma in ya tsiyaye sai ya ɓata saƙon wasu. Kayan da za su ƙasar waje ana cika musu takardar kwastan. A faɗi gaskiyar abin da ke ciki, don ƙarya tana sa a tsare kaya.

5. Tafiya ɗaya

Ga mutumin ƙauye, kuɗin mota zuwa gidan waya yakan fi kuɗin aiken kansa. Saboda haka a shirya komai tun daga gida. Kada a like kwali sai an je, domin ma'aikaci yana iya neman ya ga abin da ke ciki. A je da safe a ranar aiki, ban da Lahadi da ranar hutun gwamnati. Maƙwabta suna iya haɗa saƙonninsu su ba mutum ɗaya amintacce. Bayan an aika, a buga wa mai karɓa waya, a karanta masa lambar rasit, ya tanadi katin shaidarsa.

Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci suna iya gwada rubuta adireshinsu a littafi, malami ya duba musu. Wanda ya iya rubuta adireshi da hannunsa ya huta da biyan mai rubutu, asirinsa kuma ya rufu.