Na'urar Cire Gashi Da Haske: A Yi Hattara

A Obalende, cikin birnin Ikko, askar wanzami ta samu kishiya, watau wata 'yar na'ura mai walƙiya wadda ake kashe gashin jiki da ita a gida. Amma fa akwai lauje cikin naɗi.

Hasken nan baƙin gashi yake bi, ya zama zafi, ya ƙone saiwar. To, sinadarin da ya rina gashi, shi ne kuma ya rina fatarmu. Saboda haka baƙar fata kan sha zafin ita ma, ta ƙone, ta yi bororo, ta bar tabo har watanni. Kamfanin Philips da kansa ya gargaɗi masu baƙar fata ƙirin game da wannan.

Wanda ya nace, ya gwada a ɗan wuri, ya jira kwana 2. Kada a haska kusa da ido, ko kan tawadar Allah, ko lalle. Bayan an gama a dafa wurin da tsumma mai sanyi, a guji rana da ruwan zafi da man bilicin. In bororo ya tashi, kada a fasa, sai a nemi likitan fata, kamar a asibitin koyarwa na Idi-Araba. Rigakafi ya fi magani.