Warin Kulorin Ba Shaidar Tsabta Ba Ne

Da zarar bazara ta kankama, musamman a lokacin hutu, ƙorafi iri ɗaya ne ke yawo a bakin iyaye: an kai yara ninkaya gidan wani ɗan'uwa a Abuja ko Kano, sun dawo ido ja wur, jiki na ƙaiƙayi, wai “an cika wa ruwan magani”. Shi kuwa mai gida yana can yana alfahari da cewa tun daga bakin ƙofa ake jin warin kulorin, don haka ruwansa tas yake. Da mai ƙorafin da mai alfaharin duk kuskure ɗaya suka yi: sun mai da hanci ma'auni.

Ruwan da aka daidaita maganinsa ba ya wari mai hawa kai. Warin nan mai yaji da ke sa ido hawaye na wani sinadari ne da ake kira kuloramin, wanda ke samuwa idan kulorin ya gamu da gumi da dauɗar jiki da fitsari. Maganar fitsari kuwa ba ƙazafi ba ce. A 2017 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun ƙiyasta cewa akwai lita 75 ta fitsari a wani kwamin ninkaya mai cin lita 830,000. Kulorin da ya cakuɗu da wannan ƙazanta ya riga ya rasa yawancin ƙarfinsa. Sau tari, wari mai ƙarfi na nufin maganin da ya rage yana aiki ya yi kaɗan.

Kulorin da ke cikin kwami kashi biyu ne: akwai sakakke, wanda shi ne ke kashe ƙwayoyin cuta, akwai kuma ɗaurarre, wato wanda ya cakuɗu da ƙazanta. Wanda ya haɗa su ya ce yana da isasshe, tamkar ɗan kasuwa ne da ya haɗa kuɗin aljihunsa da bashin da yake bin mutane ya ce jarinsa ke nan. Ranar da kaya suka sauka a kasuwa, na aljihun ne kawai zai saya masa. Maganin gwaji mai araha da ake kira OTO, wanda ke mai da ruwa rawaya, jimilla yake nunawa, kuɗi da bashi a haɗe. Wanda ake kira DPD, mai mai da ruwa ruwan hoda, shi ne ke faɗin na aljihu.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kada sakakken kulorin ya gaza miligiram 1 a kowace lita, ko 2 idan ana amfani da sinadarin da ke kare shi daga rana. Amma wannan lamba ba ta tsayuwa ita kaɗai, sai da ma'aunin pH, wanda aka fi so ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8. A kan 7.5 kusan rabin kulorin ne ke cikin siffarsa mai ƙarfi; da ya kai 8, sai ya koma kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Kana iya ta antaya magani, ruwan na ci gaba da yin dushi-dushi, alhali gyaran pH kaɗai yake nema.

Gwajin kansa bai kai minti biyar ba. Ka ɗauraye kwalbar gwajin da ruwan kwamin, ka nutsa hannu har gwiwar hannu, nesa da bututun da ruwa ke shigowa, ka ɗebo daidai layi. Ka riƙe robar maganin a tsaye, ka ƙirga ɗigon da aka rubuta, ka rufe da murfi ba da ɗan yatsa ba, ka girgiza. Sai ka kara farar takarda a baya ka gwada launin a inuwa. Idan tsinken gwaji ne, kada ka zaro shi da jiƙaƙƙen hannu, ka kuma karanta shi a daidai daƙiƙun da aka faɗa. Tsinken da ya yi watanni yana gasuwa a ɗakin janareta ƙarya zai yi maka.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. Idan kulorin ya yi yawa ainun, yakan cinye launin DPD: ruwan hoda ya bayyana ya ɓace nan take, kwalba ta koma fari fat. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka babu magani ko kaɗan, ya ƙara zuba wani. In ka ga haka, ka sirka samfurin rabi da rabi da ruwan da ba shi da kulorin, ka sake gwadawa, ka ninka sakamakon biyu.

Gwajin jiya ba ya isar yau. Rana irin tamu tana cinye yawancin kulorin da ba shi da kariya cikin 'yan sa'o'i, ƙurar hunturu da ruwan sama su ma suna cin nasu rabo. A gwada kafin a shiga, a sake bayan taron yara ya watse, a zuba magani da yamma. Kada a garwaya sinadarai biyu: kulorin da asid suna fitar da iska mai guba. Ko a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, kwamin alkafura ya koma kore shar, masu shirya gasar suka ce wani sinadari aka zuba wanda ya kashe ƙarfin kulorin.

Ko an daidaita komai, kulorin na da iyaka. Yana gamawa da ƙwayar E. coli cikin ƙasa da minti ɗaya, amma ƙwayar Kirifto mai sa gudawa tana iya rayuwa fiye da mako guda a cikinsa. Yaron da ke zawo ba shi da hurumin shiga ruwa, komai kukansa.

Abin takaici shi ne mutum zai kashe miliyoyi wajen gina kwami, sannan ya bar wa maigadi awo da gwangwani bisa ƙiyasi. Otal-otal ma, da duba-gari za su riƙa neman ganin littafin gwajin kullum, da da yawa sun gyara. Kafin ka bar ɗanka ya faɗa ruwan kowa, ka tambayi mai wurin yaushe ya gwada da kuma lambar da ya samu. In ya ce maka “ai kana jin warinsa”, ka kama hannun yaronka ku koma gida.