Gatsby da Shekaru Biyar ɗin da Ya So a Shafe

Da yawa daga masu karanta The Great Gatsby, littafin da marubucin Amurka F. Scott Fitzgerald ya fitar a Afrilun 1925, suna ɗaukarsa a matsayin labarin masoyi na gaskiya da mace ta ci amanarsa. A ganina wannan fahimta ta tsananta wa Daisy, ta kuma yi wa Gatsby sassaucin da bai cancanta ba.

A 1917 suka haɗu a birnin Louisville na jihar Kentucky. Shi ƙaramin hafsan soja ne, ɗan talakawan manoma daga North Dakota, asalin sunansa James Gatz; ita kuwa 'yar masu hannu da shuni ce mai shekara 18. Kaki ya rufa masa asiri, shi ma ya ƙyale ta tana zaton ɗan babban gida ne irin nasu. Aka tura shi fagen yaƙi a Turai. Ta jira har ta gaji, a Yunin 1919 ta auri Tom Buchanan, wanda ya ba ta sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000. Ana gobe biki aka same ta a ɗaki ta yi tatul da giya, riƙe da wasiƙa, tana cewa a mayar wa mai sarƙa sarƙarsa. Aka tsoma ta a ruwan sanyi, takardar ta dagargaje a hannunta, washegari aka ɗaura aure. Wadda ba ta so mutum ba ba ta yin haka.

Gatsby ya tara dukiya ta hanyar safarar giya, wadda a wancan lokaci doka ta haramta a Amurka tun daga 1920. Ya sayi katafaren gida a West Egg, tsallaken ruwa daga gidan Daisy, yana tara ɗaruruwan baƙin da bai sani ba kowane ƙarshen mako, ko Allah zai sa wata rana ta leƙo. A bazarar 1922 Nick Carraway, maƙwabcinsa kuma ɗan'uwan Daisy na nesa, ya haɗa su.

To a nan ne gizo ke saƙar. Gatsby ba rabuwarta da Tom kawai yake nema ba. So yake ta dubi idon mijinta ta ce ba ta taɓa ƙaunarsa ba, sannan su koma Louisville a ɗaura musu aure daga gidan iyayenta, tamkar shekaru biyar ba su wuce ba. Amma akwai shaidar da ba ta shafuwa. Ranar da ya je cin abinci gidan Daisy da Tom, ana zafi kamar me, mai reno ta shigo da Pammy, 'yar da Daisy ta haifa wa Tom, ta gai da baƙi. Gatsby ya miƙa mata hannu, ya bi ta da kallon mamaki. Ya san da yarinyar, sai dai a lissafinsa babu ita. Fitzgerald bai ba wannan wuri fiye da 'yan layuka ba, amma ni nan nake ganin ginin Gatsby ya fara tsagewa.

Da yammacin ranar, a wani ɗakin otal ɗin Plaza da ke New York, ya matsa mata ta furta maganar. Ta furta da ƙyar, sannan ta janye: tana son Gatsby, amma akwai lokacin da ta so Tom, kuma ba za ta yi ƙarya a kai ba. Wannan ita ce magana mafi gaskiya da ta fito daga bakinta a duk littafin, ita ce kuma wadda Gatsby ya kasa haɗiyewa. Daisyn da ke ransa budurwar 1917 ce, da gidan ubanta mai faɗi da rayuwar da ba a fargabar gobe. Matar aure mai 'ya, mai tsoron asarar matsayi, ba ya da wurin ajiye ta.

Ba wanke ta nake yi ba. A hanyar komawa gida ita ke tuƙi lokacin da motar ta kaɗe wata mata mai suna Myrtle Wilson, ta bar Gatsby ya ɗauki laifin, mijin matar ya harbe shi a wurin ninƙayarsa, ita kuwa ta tattara kaya ta bi Tom, ko saƙon ta'aziyya ba ta aiko ba. Wannan ragwanci ne da son kai, kuma nata ne. Sai dai laifi ne daban da wanda aka saba ɗora mata.

Fitzgerald ya san ciwon daga ciki. A 1915 ya faɗa son Ginevra King, 'yar attajiran Chicago, wadda daga baya ta auri ɗan masu kuɗi irinta. Zelda Sayre ma ta fasa baikonsu a 1919 saboda ba shi da abin riƙe gida, sai da aka karɓi littafinsa na farko, This Side of Paradise, sannan suka yi aure a Afrilun 1920, kwanaki kaɗan bayan fitowarsa kasuwa.