Mai Ɗa Wawa: Tashin 'Ya Mace a Ƙauye

A ƙauyukan ƙasar Hausa, daga Zazzau har Damagaram, akwai abin da ke faruwa kusan kullum bayan la'asar, wanda baƙo zai gani bai fahimta ba. Dattawa na zaune a kan tabarma gindin darbejiya, sai ga yarinya 'yar shekara goma ko sha biyu ta zo wucewa da faranti a kanta. Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta gaida kowa, sannan ta wuce. Tana ba da baya wani ya dubi mahaifinta ya ce, "Malam, wannan 'yar taka akwai natsuwa." Shi kuwa sai ya kau da kai kamar ba da shi ake ba, ya ce, "To, Allah dai ya shirya mana su," ya jawo zancen taki ko farashin dawa. Wanda bai san mutanen ba zai ce uban bai damu ba. Amma labarin zuciya a tambayi fuska: da dare zai shiga gida ya maimaita wa uwarta abin da aka ce, kalma bayan kalma, yana yi kamar hira ce ta biyo da shi. Hausawa da suka ce mai ɗa wawa sun san abin da suke nufi. Wautar tana nan, alkunya ce kawai ta rufe ta da mayafi.

Alkunyar ta fi tsanani idan yarinyar 'yar fari ce. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, wani lokaci ko kukanta ta ji sai ta jira wata ta ɗauka. Tsohuwar al'ada ce. Baba ta Karo, wadda aka buga tarihin rayuwarta a 1954, ta bayyana irin wannan kunyar ɗan fari a ƙasar Zazzau ta zamaninta. Al'adar ta bar wa kakanni abin da ta hana iyaye. Kaka mace ta kira jikarta kishiya, kaka namiji ya kira ta amaryarsa, su ne ke yabon gashinta da tafiyarta a fili. Ko sunayen gargajiya suna ba da shaida: yarinyar da ta zo bayan maza a jere akan kira ta Delu ko Kande, alamar gida ya lura da zuwanta, ya kuma daɗe yana jira. To, alfaharin da aka hana shi fita ta baki dole ya nemi wata ƙofa, kuma a ƙauye ta hannu yake fita.

Tun yarinya na goye ake fara tara mata. Uwa ta ware tunkiya ko akuya ta ce ta wance ce, abin da ta haifa ma nata ne. Ta shiga adashi, ranar kwasa ta sayi kwanuka ta tura ƙarƙashin gado. Idan yarinyar ta tasa ta fara ɗaukar talla, ƙosai da safe, fura da rana, dafaffiyar gyaɗa da yamma, ribar tana shiga asusu, asusun yana komawa kumbo da samira da zannuwa. Uba kuma bayan kaka yakan keɓe buhu biyu ko uku, ko ya yi kiwon ɗan maraƙi, saboda gado da katifa da gara suna kansa. A gefe guda ana gina ita yarinyar kanta: a koya mata surfe da daka, tuƙin tuwo ba gudaji, raino, ɗiban ruwa, gaisuwa, da sanin wanda ake yi wa shiru. Shekara goma ko fiye ana wannan aiki, duk don rana ɗaya, ranar da mata za su shiga ɗakin amarya su ga jere, su fito suna cewa wance ta fitar da 'yarta kunya. Wanda ya ce mutumin karkara ba ya daraja 'ya mace bai taɓa lissafa abin da talaka ke hana cikinsa don wannan rana ba.

Abin da ke damuna shi ne inda lissafin yake tsayawa. Duk wannan ƙauna da tanadi an ɗaure su da ranar kai amarya, kamar daga nan rayuwar yarinyar ta gama buƙatar iyayenta. Alhali a ƙauyuka da yawa ana kai ta ne tana 'yar sha huɗu ko sha biyar, da sauran shekaru arba'in ko hamsin a gabanta. Kwano yana hujewa, katifa tana lotsewa, idan fari ya zo ko ciwo ya shigo gida kayan ɗakin ne ake fara fitarwa kasuwa. Idan aure ya mutu, ko miji ya rasu ya bar ta da marayu, abin da ke kanta da abin da hannunta ya iya su ne kaɗai za su biyo ta gidan ubanta. Saboda haka nake ganin alfaharin iyaye a karkara gaskiya ne, mai ƙarfi ne, amma an auna masa gajeriyar hanya. Irin naci da haƙurin da suka tara jere guda, su ne za su iya riƙe yarinya a makaranta har ta gama.

Ƙauyen ma ya riga ya san wannan irin alfahari, ba daga waje za a kawo masa ba. A dubi ranar saukar Alƙur'ani a Islamiyya. Yarinya ta zauna gaban jama'a da allonta mai zayyana, ta karanta da murya a tsaye ba gargada, sai ka ga uban nan mai kau da kai yana share ido da bakin rawani, uwa kuma a cikin gida tana rabon waina har maƙwabtan maƙwabta. A wannan ranar, alkunya ba ta iya riƙe kowa. Kuma abin yana da asali. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da ke koyar da ɗalibai na nesa su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajoji, wato jagororin mata, ta ba su malafa, su tafi ƙauyuka su koyar da mata. Matan karkara ne, tsofaffi da 'yan mata, suke takowa da ƙafa zuwa wurinta. Yau idan aka ambaci zuriyar Shehu, sunanta na fitowa tare da na ɗan'uwanta Muhammadu Bello. Shehu uba ne da bai tsayar da lissafin 'yarsa a ranar aurenta ba.

Iyaye suna da hujjojinsu, kuma bai kamata a raina su ba. Na farko kuɗi ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne a Nijeriya, amma uwa ta san yunifom da littafi da kuɗin jarrabawa ba kyauta suke zuwa ba, ta kuma san duk safiyar da yarinya ta tafi aji farantin talla ya kwana. Gaskiya ne. Sai dai gidan da ya iya tara kuɗin gado da kujeru cikin shekaru ya nuna ya iya tanadi. Tambayar ita ce me aka sa a gaba. Gasar jere da ta shigo ƙauye daga birni tana cin abin da zai biya karatun shekaru da yawa, har ta bar uba da bashi. Hujja ta biyu tsoron lalacewar tarbiyya ne, cewa boko zai buɗe wa yarinya ido ta raina mutane. Wanda ke faɗin haka ya auna da adalci: tsakanin yarinyar da ta yini a aji gaban malama, da wadda ta yini tana zagaya tasha da kasuwa da faranti har bayan magariba, wacce ce ta fi fuskantar masu mugun nufi?

Hujjar da ta fi nauyi ita ce tsaro, kuma a nan ba ni da bakin zargin kowane uba. An sace 'yan mata 'yan makaranta 276 a Cibok a 2014, 110 a Dapci a 2018, 279 a Jangebe a 2021. Mutumin da ya ji waɗannan labarai ya ce 'yarsa ba za ta kwana a makarantar da ba katanga ba, ƙauna ce ta sa shi, irin wadda ta sa shi kiwon maraƙi. Amsar tana hannun hukuma: makarantar je-ka-ka-dawo kusa da gida, wadda yarinya za ta isa da ƙafa ta dawo kafin la'asar, da malamai mata, da katanga, da makewayi na 'yan mata daban. Inda aka samar da wannan, uzurin ya ragu ƙwarai. Inda ba a samar ba, laifin ba na talaka ba ne, kuma haƙƙin masu unguwanni da dagatai ne su riƙa kai kukan gaba har a ji.

Akwai kuma masu cewa ga maza nan da takardu suna zaman kashe wando, ina amfanin mace ta yi? Wannan tambaya asibitin ƙauye ne ke amsa ta. Magidanci ba ya son namiji ya duba matarsa, shi ya sa mata da yawa ke doguwar naƙuda a gida, wasu su rasa rai, wasu su ƙare da yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Ungozomar da yake nema, da nas, da malamar da zai amince ya miƙa wa 'yarsa, ba daga sama za su faɗo ba. 'Ya'yan wasu ne da iyayensu suka daure suka bar su suka gama. Ko wadda ba ta ɗauki albashi ba, za ta karanta takardar magani, ta rubuta lissafin adashinta, ta san rabonta na gado, ta duba littafin ɗanta. Aure kuma bai hana ba. Ana iya sa sharaɗin ci gaba da karatu tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa, kuma gidaje da dama suna yin haka.

Kirana ga iyaye maza ne musamman, tunda maganarsu ce ke yanke hukunci a zaure. Idan bana aka keɓe buhunan wance, a keɓe ɗaya da sunan makarantarta. Idan masu neman aure suka zo da wuri, a ce musu ta kusa gamawa, su jira ko su yarda ta ci gaba a ɗakinta. Limamai kuma su tuna wa jama'a a huɗuba cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa wanda ya kyautata renon 'ya'ya mata albishir da kusanci da shi ranar gobe, kuma ilmantarwa tana cikin kyautatawar.