Telebijin da hasken rana: darasi ga makarantun Tenhya

A shekarar 1964 Nijar ta buɗe telebijin na makaranta a Yamai, tare da taimakon Faransa. Azuzuwa 22 ne suka yi gwajin, da yara kimanin 800. Ta allon akwatin suke koyon Faransanci da lissafi da sanin muhalli, malami kuwa yana bi da tambayoyi. Masana na UNESCO sun nazarci aikin, har sunansa ya zagaya duniya.

Babban cikas shi ne lantarki. A 1968 aka fara gwada kunna akwatin da hasken rana, fannin da Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, ya shahara a kai. An girmama shi da sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992. Shirin kuwa ya ƙare a 1979, tashar ta zama Télé Sahel.

A Tenhya, cikin Damargu, ƙasar makiyaya, rugage na nesa da makaranta, rana kuwa ba ta yankewa. Faranti guda da batir sun isa su nuna wa yaro yadda iri ke tsira. Sai dai na'ura ba ta tafiya sai da malami horarre da mai gyara. Nauyin nan yana wuyan hukuma da iyaye.