Buɗe Chrome da layi ɗaya

Duk lokacin rajistar JAMB ko duba sakamakon WAEC, shagona na kwamfuta a Ƙaraye cika yake, har 'yan Rogo kan zo. Kwamfuta ɗaya, hannu da yawa. Yaro ya gama ya tashi, imel ɗinsa a buɗe, na bayansa ya zauna ya tarar da sirrin wani.

Shi ya sa na daina danna hoton Chrome. Ina haɗa maɓallin Windows da R, in rubuta cmd, baƙin allon nan da mutane ke tsoro ya fito. Sai in sa:

start chrome --incognito

Ana rufe tagar Chrome ɗin da ta buɗe, tarihin shafuka da shigar asusu sun tafi. Amma fayil ɗin da aka sauke yana nan, wannan sai an goge da hannu.

Idan masu gwajin jarrabawa ne, --kiosk nake sawa, adireshin shafin ya biyo baya. Allo ya cika, babu wurin rubuta adireshi, balle a zame zuwa Facebook. Masu wayo cikinsu sun san Alt da F4 na rufe shi, don haka ina zaune kusa.