Tulun da ya fi tirelar gero kuɗi

Yau zan bar farashin gero da dawa in yi magana a kan wani ciniki da ba nawa ba, amma ya taɓa cizona. Watau cinikin tukwanen ado, waɗanda ba a girki da su, ba a zuba ruwa a ciki, ajiye su kawai ake yi ana kallo.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, shekarun baya wani dattijo maƙwabcinmu a nan cikin birni ya rasu, tsohon ma'aikacin gwamnatin Jihar Arewa ne, ya daɗe a Kaduna. Aka sa ni cikin masu ƙiyasta kayan gado. A ƙarƙashin gadonsa muka tarar da wata buta mai ƙyalli, launinta tsakanin baƙi da kore, da faranti huɗu irinta, masu nauyi kamar dutse. Muka haɗa su da tsofaffin kwanuka muka yi musu kuɗi tsibi guda. Wani dillali ya juya butar ya dubi gindinta, ya ajiye, ya yi kamar bai damu ba, sa'an nan ya taya tsibin duka. Ni da bakina na ce a sallama masa, kuɗin bai kai na rabin buhun gero ba. Sai bayan wata biyu wani abokina na Kurmi ya tambaye ni ko na ga rubutun ajami a gindinta. Na ce na gani. Ya kama baki. To, akwai marayu cikin magadan nan, kuma har yau abin yana ci mini rai. Kazar da ta kwana a kan dami da yunwa, ni ce.

Ga asalin kayan. A shekarar 1950 gwamnatin Turawa ta ɗauki wani Bature maginin tukwane, Maikal Kadiyu, ya zaga ƙasar nan ya duba yumɓu da magina. Ya zaɓi garin Abuja, watau tsohuwar Abuja wadda yanzu ake kira Suleja, aka buɗe makarantar ginin tukwane a can a 1952. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin tukwanen wata mata Bagwariya daga ƙauyen Kwali, sunanta Ladi. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Ta zo da hannunta na gado, tana gina tulu ba tare da inji ba, tana zana kunama da ƙadangare da hawainiya da kada da kifi a jikinsa. Abin da makarantar ta ƙara shi ne irin yumɓun da ke jure wuta, da ruwan ƙyalli da ake shafawa, da matoya rufaffiya wadda zafinta ya haura ma'auni 1200, alhali tuyar da maginanmu ke yi a fili da kara da ciyawa ba ta kusantar haka.

A nan akwai abin lura ga ɗan kasuwa. Tulunmu na Dawakin Tofa yana sanyaya ruwa ne domin yana gumi, ruwa na tsattsafowa ta jikinsa iska na busarwa. Tulun Ladi da aka shafa wa ƙyalli aka gasa ya zama dutse, ba ya gumi, saboda haka ba ya sanyaya ruwa, ga nauyin da ba macen da za ta ɗora shi a gammo zuwa rijiya. Watau a ma'aunin matan gida ya lalace ke nan. Amma ranar da ya daina amfani, ranar kuɗinsa ya fara hawa. Talaka bai saya ba, ya fi son kwanon samira mai araha wanda ba ya fashewa. Turawa da manyan ma'aikata ne suka saya. Shi ya sa ragowar kayan nan da ba su ƙetare teku ba suna gidajen tsofaffin ma'aikata a Kano da Kaduna da Zariya, kuma jikoki ba su san ko mene ne ba.

An kai kayan Abuja baje koli a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ladi da kanta ta je Ingila a 1962 ta gina tulu a gaban jama'a, ta zaga Amurka a 1972. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Duk wanda ya juya takardar naira ashirin ta leda wadda aka fito da ita a 2007, ita ce zaune tana aiki. Ita ce kuma takardar da aka cire mana ajami daga jikinta, amma wannan wani zance ne daban. A 2021 an yi gwanjon tulunta guda ɗaya a Landan, kuɗinsa ya haura fam dubu ɗari. Mai hatsi ya ɗauki alƙalami ya lissafa tirela nawa ke nan.

Kada wannan ya ruɗi kowa. Babban tulu ne ginin hannunta, lafiyayye, wanda aka san hannun da ya bi tun daga matoya har ranar gwanjo. Makarantar ta yi dubban ƙananan kaya, butar shayi da faranti da kofi da kwanon miya, kuma magina da yawa ne suka yi su, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Bawa Ushafa. Waɗannan ma suna da masu nema, amma tsakanin kuɗinsu da na babban tulu kamar tsakanin mudu da buhu ne.

Yadda ake ganewa, a juya gindi. Kayan makarantar suna da hatimi ƙarami da aka danna cikin yumɓu tun yana ɗanye, sunan Abuja ne da haruffan ajami. Mu da muka yi allo mun fi ɗan boko saurin karanta shi, kuma abin kunya ni na karanta ban san me na karanta ba. Kusa da shi akwai hatimin magini da haruffan boko, LK na Ladi Kwali, MC na Baturen. Hatimin da aka danna kafin tuya gefensa yakan yi laushi ya ɗan tasa, kamar sawun ƙafa a laka. Wanda aka ƙwaƙule da ƙusa daga baya yana da kaifi, launin cikinsa ya saɓa da na kewaye. Hatimi kaɗai ba hujja ba ne, domin wanda ya iya buga kuɗin jabu ba zai kasa haruffa biyu ba. Sai a haɗa da nauyi, da kamannin zane, da labarin inda kayan suka fito. Tsohon rasit, ko hoton ɗakin mamaci da tulun a ciki, ko shaidar dattijon da ya san lokacin da aka saya, duk kuɗi ne. Kada a zubar da takarda.

Sa'an nan a ɗora ta a tafin hannu a ƙwanƙwasa da farce, kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa tukunya a kasuwa. Lafiyayya tana amsawa da ƙara mai tsawo. Mai tsaga tana cewa ƙwaf ta yi shiru. A bi baki da hannu da marfi da yatsa, nan ne ake liƙi. Tsaga siririya kamar gashi tana iya zubar da kuɗin kaya ƙwarai, kuma masu liƙi na yanzu sun gwanance. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san hukuncin ɓoye aibi, ba sai na maimaita ba. Abin da zan ƙara kawai, masu sayen irin wannan kaya ba su da yawa kuma sun san juna. Algus ɗaya ya isa ya rufe maka ƙofarsu duka. Kuma kada a wanke da omo da soson ƙarfe wai don ta yi kyau, kada a shafa mai, kada a cika ɓalli da siminti. A bar ta yadda aka same ta.

Game da kakar kasuwar, ta Turawa daban, tamu daban. Su lokacin zafinsu, daga Yuni zuwa Agusta, daidai da damunarmu, shi ne lokacin da magina ke kafa rumfuna a filaye suna baje koli kwana biyu ko uku. Akwai babban bikin magina da ake yi a garin Abaristuwis na ƙasar Wels duk bayan shekara biyu tun 1987. A irin waɗannan wurare sabon aiki ake saye daga hannun mai shi, mai saye yana caca ne cewa wata rana sunan maginin zai tashi, kamar mai ajiye wake da kaka yana jiran bazara. Sai dai wake ko bai tashi ba a ci shi. Tsohon kaya mai suna kuwa gidajen gwanjo yake zuwa, su kuma suna cin la'ada gaba da baya. Mai saye yana ƙara wajen rubu'in kuɗin a kan inda aka buga guduma, mai sayarwa kuma a yanke masa nasa, ban da kuɗin jirgi da inshora. Saboda haka adadin da ka ji a rediyo ba shi ne ke shiga aljihun mai tulu ba.

Mu a nan, kasuwar tana bin baƙi ne. Hawan Sallah, musamman Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, da baje kolin Kano na ƙarshen shekara, da na Kaduna, da bikin kamun kifi na Argungu. Hawan Sallah yana bin watan Musulunci, kowace shekara yana matsowa da wajen kwana 11, don haka ba a ɗaure shi da rani ko damina. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin abubuwan gadon duniya, amma 'yan Kurmi za su gaya maka tun hare-haren 2012 baƙin Turawa suka ragu, kuma akwai shekarun da aka soke hawan ana gab da yi. Wanda ya ci bashi ya tara kaya don kwana uku na Sallah, idan aka soke, kwantai ya yi sai baɗi. Yawancin ciniki yanzu ta waya ake yi da hoto, shi kuwa cinikin biri a sama ne, ba a ƙwanƙwasa hoto. Kada ka tura kaya sai kuɗi sun shiga, kada ka tura kuɗi sai wani naka ya riƙe kayan a hannu.

Akwai kuma inda ba a taɓawa. Wani zai zo maka da kan mutum na yumɓu a cikin buhu, yana raɗa, ya ce daga ƙasar Nok aka tono shi. Ka sallame shi. Dokar 1979 mai lamba 77, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ga wanda hukumar ta amince wa, ta hana fitar da su waje ba da izini ba, kuma abin da aka tono daga ƙasa ko aka yi kafin 1918 yana ciki. Idan na gaske ne ka sayi shari'a, idan jabu ne ka sayi tsingaro, kuma jabun sun cika kasuwa. Ban ma shiga maganar cinikin mutum-mutumi ba, wannan kowa ya tambayi malaminsa, haka ma zanen dabbobin da ke jikin tulun ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba. Kayan Abuja ba su kai waɗancan shekaru ba, amma mai fitar da su waje ya nemi takardar hukumar tukuna, domin ma'aikacin filin jirgi ba zai tsaya karanta hatimi ba. A nan Kano ana iya farawa da tambaya a Gidan Makama.

Ga dillali, a yanke la'ada tun kafin a nemo mai saye, a rubuta, a sa shaidu biyu, kuma a faɗi wa zai ɗauki asara idan ta fashe a hanya. Ba a sa irin wannan kaya a buhu. A cika cikinta da buntun shinkafa ko ƙaiƙayi, a naɗe marfi daban, a sa a kwali cikin wani kwalin. Idan kuma kayan gado ne, duk abin da aka ga rubutu a gindinsa a ware shi daga tsibi, kada a sallama a zaman farko, a sami mutum biyu da ba su san juna ba kowa ya yi masa kuɗi. Wancan dillalin da ya sayi butar maƙwabcinmu na neme shi daga baya a kan ko zai ƙara wa marayun wani abu. Ya ce ciniki ya faɗa da shaidu, kuma butar ta riga ta tafi Legas.